Maganin Ganye Don Zafin Ɗaukewar Al'ada Bayan Sankarar Mama, Zan Iya Sha?

Tambaya: Likita barka da aiki. Shekarata 46. Shekara biyu ke nan da aka yi mini aikin sankarar mama, na yi kemo, wato ƙarin ruwan maganin sankara, an yi mini gashi da na'ura, yanzu ina kan tamoxifen. Tun lokacin kemo al'adata ta ɗauke ba ta dawo ba. Zafi ne ke taso mini ba dare ba rana, cikin dare kuma in jiƙe da gumi har sai na canza riga, barci ya gagare ni. An ce mini ba zan sha maganin homon ba. Wata ƙawata ta kawo mini kafso na black cohosh, wata kuma ta ce in nemi na waken suya ko St John's wort, tunda duk ganye ne ba su da illa. Zan iya sha? Wallahi har na fara tunanin ajiye tamoxifen ɗin in huta.

Amsa: Sannu da jiki 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Maganarki ta ƙarshe ita ce ta fi tsaya mini a rai, da ita zan fara. Don Allah kada ki ajiye tamoxifen. A 2011 aka haɗa sakamakon manyan gwaje-gwajen da aka yi kan wannan magani, aka ga cewa ga mai irin sankarar da ke cin abincinta daga istirojin, wato sinadarin homon na jikin mace, shan sa na shekara 5 yana rage mutuwa daga cutar da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma kariyar tana nan har shekara 15. Babu ganyen da ke kusa da wannan. Idan wahalar ta kai ki ga tunanin ajiyewa, to lokacin komawa wurin likitanki ya yi, ki faɗa masa da irin kalmomin da kika faɗa mini.

Abin da ke faruwa a jikinki ga shi. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri mai lura da ɗumin jiki. Muddin istirojin yana nan, wurin yana da haƙuri, jiki zai ɗan yi ɗumi ko ya ɗan yi sanyi bai ce komai ba. Da istirojin ya janye sai haƙurin ya ƙare. Ɗumi kaɗan, wanda da can ko lura ba ki yi da shi, sai ya ɗauka gobara ce, ya buɗe jijiyoyin jinin fata, ya saki gumi, zuciya ta kama bugawa. Minti biyu zuwa huɗu abin ya lafa, ya bar ki da jiƙaƙƙiyar riga kina jin sanyi. Macen da al'adarta ta ɗauke da kanta, a hankali istirojin ke janye mata, cikin shekaru. Ke kuwa kemo ya rufe ƙofar lokaci guda, tamoxifen ya zo ya tare ɗan abin da ya rage. Shi ya sa naki ya fi na sa'o'inki tsanani. Ba raki kike yi ba.

Gaskiya aka faɗa miki game da maganin homon, wato wanda ke mayar wa jiki istirojin ɗin da ya janye. Shi ne ya fi kowane magani kashe wannan zafi, amma kusan 7 zuwa 8 cikin kowace sankarar mama 10 da istirojin suke girma, kuma tunda aka ɗora ki kan tamoxifen, taki tana cikinsu. An taɓa gwadawa. A ƙasar Suwidin an yi wani gwaji mai suna HABITS, aka ba wasu matan da suka warke daga sankarar mama homon, aka bar wasu. A ƙarshen 2003 dole aka tsayar da shi kafin lokacinsa saboda cutar ta fi dawowa ga masu sha. Wani maganin mai kama da homon da ake kira tibolone shi ma haka ya kasance da shi a gwajin mata sama da 3,000 da aka buga a 2009.

Yanzu ga maganar "ai ganye ne". Ban san irin kemo da aka yi miki ba, amma da yawa daga masu sankarar mama ana ba su paclitaxel, wanda yake zubar da gashin kai ya sa yatsu su riƙa sanƙarewa. Daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka aka fara samo shi. Vincristine, wani maganin sankara mai ƙarfi, daga wata 'yar fulawa ce ta Madagaska. Tsiro yana da ƙarfin warkarwa, kuma da wannan ƙarfin yake cutarwa. Saboda haka ni in an kawo mini kwalba, abu biyu nake tambaya. Shin abin da ke ciki yana kwaikwayon istirojin? Shin kuma yana taɓa yadda hanta ke sarrafa maganin da mai shi take sha? Ta biyun ce mutane suka fi mantawa, alhali ga mai shan tamoxifen tana da nauyi ƙwarai. Ƙwayar da kike haɗiya ba ita ce ke yin yawancin aikin ba. Sai hanta ta juya ta zuwa wani sinadari mai suna endoxifen, wanda ya ninka ta ƙarfi sau da dama, shi ke zuwa ya tsare ƙofar da istirojin ke bi ya shiga ƙwayar cutar. Duk abin da ya dagula wa hanta wannan aiki ya rage miki kariya, kuma ba za ki ji komai a jikinki ba.

Zan rubuta sunayen yadda za ki gan su a jikin kwalba.

St John's wort dai a'a, babu ja-in-ja. Akwai wani sinadari a cikinsa mai suna hyperforin da ke zuga hanta ta riƙa share magunguna daga jini da gaggawa. A 2002 likitoci a birnin Rotadam na ƙasar Holan sun gwada shi a kan masu karɓar wani kemo mai suna irinotecan, sai ƙarfin maganin a jini ya sauka da kashi 42 cikin ɗari. Haka yake raunana ƙwayar tsarin iyali, da warfarin mai tsinka jini, da magungunan masu dashen ƙoda. Takardar da ke cikin kwalin exemestane da ta palbociclib, waɗanda duka na sankarar mama ne, sun ambace shi da suna. Hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara wa likitocin ƙasar ƙa'idar aiki, ta yi gargaɗi a kan haɗa shi da tamoxifen. Ƙari a kan haka, in aka haɗa shi da magungunan damuwa irin venlafaxine, wanda mai yiwuwa ne likitanki ya rubuta miki saboda zafin nan, yana iya jawo rawar jiki da zazzaɓi da ruɗewa har a kwanta asibiti. Ki duba bayan kwalba da kyau, don sau da yawa ana cusa shi cikin haɗin da aka rubuta wa "na mata masu shekaru" ko "na barci", da ƙananan haruffa, wani lokaci da sunansa na Latin, Hypericum perforatum.

Black cohosh, wanda ke hannunki yanzu, maganarsa ta fi tsawo, kuma ba zan yi masa sharri ba. Saiwar wani tsiro ce ta Arewacin Amurka. Da farko an ɗauka istirojin ne na tsiro, daga baya yawancin bincike ya nuna ba ta wannan hanya yake aiki ba, kuma bibiyar matan da suka sha shi bayan sankarar mama ba ta nuna cutar ta fi dawo musu ba. Wannan abin a faɗa ne. Sai dai irin wannan bibiya ba ta kai a ce an wanke shi tas ba, sannan ga babbar matsala: da aka gwada shi yadda ya kamata bai yi aiki ba. A 2001 an gwada shi a Niyok kan mata 85 da suka yi sankarar mama, yawancinsu suna kan tamoxifen irinki, rabi aka ba su shi, rabi aka ba su ƙwayar da babu komai a ciki. Duka ɓangarorin sun ce zafin ya ragu, kuma kusan daidai wa daida. A 2006 masu bincike na asibitin Mayo suka maimaita da mata 132, sakamako iri ɗaya. A 2012 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace gwaje-gwaje, ta haɗa guda 16 masu ɗauke da mata 2,027, ta ce babu isasshiyar hujjar cewa yana rage zafin.

Sai batun hanta. Tun 2006 hukumomin magunguna na Birtaniya da na Tarayyar Turai suka ce a riƙa rubuta gargaɗin ciwon hanta a jikin kwalbarsa, bayan rahotannin mutanen da hantarsu ta taɓu, wasu har sai da aka yi musu dashe. Ba kasafai hakan ke faruwa ba. Amma tamoxifen shi kansa yana tara wa wasu mata kitse a hanta, ga kemo da ya riga ya ratsa ta. Ɗora mata wani kaya saboda maganin da bai fi ƙwayar banza ba, ana kukan targaɗe ne a je a jawo karaya.

Na tuna wata baiwar Allah da gwajin hantarta ya riƙa hawa wata bayan wata. Sau uku ina tambayarta ko akwai maganin da take sha ban da namu, tana cewa babu. A zuwa na huɗu 'yarta ce ta rako ta. Da na sake tambaya, yarinyar ta dubi uwar, ta zuge jaka, ta jera mini kwalabe uku a kan tebur. Uwar ta ce, "Ai likita waɗannan ba magani ba ne, ganye ne." Ba ƙarya ta yi mini ba, a wurinta haka abin yake. Laifina ne da ban iya tambaya ba. Ɗaya daga cikin kwalaben abubuwa goma sha ne a haɗe a ciki. Muka tsayar da su duka, bayan 'yan makonni gwajin ya fara sauka. Tun daga ranar na daina cewa "wane magani kike sha", sai in ce "me da me kike haɗiya ko kike jiƙawa".

Waken suya kuwa dole a raba shi gida biyu, abinci daban, kafso daban. A cikinsa akwai sinadarai da ake kira isoflavone, masu ɗan kama da istirojin a ƙira, suna iya zama a mazauninsa ko da yake ƙarfinsu bai kai nasa ba ko kusa. Cewa tsiro na iya yin aikin homon ba tatsuniya ba ce. A shekarun 1940 makiyaya a yammacin Ostireliya sun ga tumakinsu sun daina haihuwa, da aka bincika sai aka gano wata ciyawa ce ta dangin clover da suke kiwo a kai, cike take da irin waɗannan sinadarai. Daga baya gwaji a kan ɓeraye ya nuna genistein, ɗaya daga cikinsu, yana iya ƙara wa ƙwayoyin sankarar mama girma. Wannan ya sa shekara da shekaru likitoci suna hana mata waken suya gaba ɗaya.

Da aka koma kan mutane sai labari ya canza. A birnin Shanghai an bi mata 5,042 da suka yi sankarar mama, aka buga sakamakon a 2009: waɗanda suka fi cin abincin waken suya cutar ba ta fi dawo musu ba, hasali ma ta ɗan fi ragu a cikinsu, har da masu shan tamoxifen. A 2012 aka haɗa su da matan Amurka, jimilla 9,514, aka ga abu mai kama da haka. Jikin ɓera da na mutum ba iri ɗaya suke sarrafa sinadarin ba. Bibiya ce wannan, ba ta tabbatar da cewa waken ne ya kare su ba, don haka ba zan ce ki mayar da shi magani ba. Amma in kina son madararsa ko wani abincin da aka yi da shi, sau ɗaya ko biyu a rana, ki ci hankalinki kwance.

Kafso labarinsa daban. An tatso sinadarin ne daga cikin waken, an raba shi da sauran abin da yake tafiya da shi, an dunƙule shi wuri guda, kuma matan Shanghai ba shi suka sha ba, saboda haka shaidar da aka samu a kansu ba ta rufe shi ba. Ga shi kuma da aka gwada ƙwayar isoflavone kan matan da suka yi sankarar mama a 2000, ba ta fi ƙwayar banza rage zafi ba. Red clover ma haka, isoflavone ne a dunƙule. Ƙa'idar NICE ta 2018 kan sankarar mama ta faɗa ƙarara cewa kada a ba mai wannan cuta isoflavone na waken suya, ko red clover, ko black cohosh, ko bitamin E, ko na'urar maganaɗisu don maganin zafin ɗaukewar al'ada. Akwai wani tarko a nan da nake so ki gani. In kafson ya yi ƙarfin da zai kashe miki zafi ta hanyar kwaikwayon istirojin, to ya yi ƙarfin da zai isa ga abin da tamoxifen ke tsarewa. An guje wa maganin homon an koma ga ɗan'uwansa da ba a san awonsa ba, gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Sauran ba sai na daɗe a kansu ba. Dong quai na ƙasar Sin bai yi aiki ba a gwajin 1997, yana tsinka jini, kuma a ɗakin gwaji ya sa ƙwayoyin sankarar mama sun hayayyafa. Man evening primrose da 'ya'yan flax duk an gwada, ba su fi ƙwayar banza ba. Man shafawa na wild yam ana tallarsa da cewa jiki na mayar da shi homon, alhali wannan juyi sai a masana'anta ake iya yin sa. Hulba, wadda mata da yawa ke sha don gyaran jiki, ruwan da aka tatsa daga ita ya nuna aiki irin na istirojin a ɗakin gwaji, saboda haka ban yarda ki riƙa jiƙa ta kina sha kullum ba. Kurkur ɗan wanda ake barbaɗawa a girki ba abin damuwa ba ne, amma kafsonsa, musamman wanda aka haɗa da sinadarin masoro don ya fi shiga jini, wani ƙaramin bincike na 2019 a Holan ya nuna yana rage endoxifen.

Za ki ce to ƙawata fa da ta rantse ya yi mata aiki? Na yarda da ita. A kusan kowane gwaji na wannan zafi, masu shan ƙwayar da babu komai a ciki suna samun sauƙin kusan kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Zafin yana hawa yana sauka da kansa, mutum kuma yakan fara sabon magani ne a makon da abin ya fi tsanani, daga nan ko ba a sha komai ba sauƙi ne ke biyo baya. Sannan ba lallai abin da aka rubuta a kwalba shi ne a ciki ba. A Amurka, tun dokar 1994, ana iya sayar da irin waɗannan kayan ba tare da an nuna wa FDA, hukumar kula da magunguna ta ƙasar, cewa suna aiki ba, kuma masu bincike sun sha samun kwalaben black cohosh da wani tsiron Asiya danginsa ne a ciki.

Ban so in hana ki komai sannan in bar ki da jiƙaƙƙen matashi, don akwai abin da aka gwada a kan mata irinki ya yi aiki. Venlafaxine asalinsa maganin damuwa ne, amma kaɗan daga cikinsa yana kwantar da wancan wuri na ƙwaƙwalwa. A gwajin 2000, miligiram 75 a rana ya rage zafin da kashi 61 cikin ɗari a mako huɗu, ƙwayar banza ta rage 27. Ana farawa da 37.5, yakan sa tashin zuciya da bushewar baki a kwanakin farko, kuma ba a yanke shi lokaci guda. In an rubuta miki kada ki ɗauka likita na nufin ƙwaƙwalwarki ta taɓu, mata da yawa sun jefar da takardar saboda wannan zato. Gabapentin, miligiram 900 a rana, ya yi aiki a gwajin mata 420 masu sankarar mama a 2005, kuma da yake yana sa barci ya kan dace da wadda dare ne ya fi ba ta wahala, kamar ke. Akwai oxybutynin, maganin mafitsara, shi ma yana rage zafin da gumin. Abu guda ki riƙe: paroxetine da fluoxetine, duk da suna rage zafi, suna toshe hanyar da hanta ke bi ta samar da endoxifen, don haka ana kauce musu ga mai shan tamoxifen. Duk likitan da zai rubuta miki maganin damuwa, ko ba na sankara ba ne, ki gaya masa kina kan tamoxifen kafin ya ɗora biro.

Akwai sababbi masu zuwa kai tsaye su rufe bakin jijiyoyin da ke kunna zafin, ba ruwansu da istirojin. Fezolinetant ya samu amincewar FDA a 2023, sai dai ba a sa masu sankarar mama a gwaje-gwajen da aka amince da shi a kansu ba, kuma a ƙarshen 2024 an ƙara masa babban gargaɗi na hanta. Elinzanetant kuwa an gwada shi kan mata masu shan tamoxifen da makamantansa, sakamakon da ya fito a 2025 ya nuna ya rage zafin sosai. Ki tambaya ko ana samunsa inda kike.

Wanda ba ƙwaya ba ma akwai. A Landan an koya wa matan da suka yi sankarar mama dabarun numfashi da na barci da yadda za su tari zafin in ya taso ba tare da firgita ba, zaman mako shida. Yawan tasowarsa bai ragu fiye da na waɗanda ba a koya wa ba, amma damun da yake musu ya ragu ƙwarai, barcinsu ya gyaru, har bayan wata shida. Rage ƙiba ga mai ita yana taimakawa, haka barin sigari. Ki sa tufafin auduga marasa nauyi, ki ajiye ruwan sanyi da riga ta biyu kusa da gado don kada tashi neman su ya kore miki sauran barcin.

Ba ki ambaci bushewar gaba ba, amma na san yawanci tare suke zuwa, kunya ce ke hana faɗa. Akwai man jiƙa gaba marar homon da ake sawa sau biyu ko uku a mako, da na sauƙaƙa saduwa. In ba su isa ba, akwai istirojin ɗan kaɗan na matsawa wanda likitan sankara kan yarda da shi ga wasu masu shan tamoxifen, amma shi zai yanke wannan. Kada ki matsa wani haɗin ganye a wurin. Kuma tunda al'adarki ta ɗauke, duk jinin da kika gani, ko ɗigo ne, ki je a duba mahaifa ba tare da jinkiri ba, don tamoxifen yana iya kaurara bangonta. Haka kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo ko numfashi ya riƙa yanke miki, wannan na gaggawa ne.

Kwalbar black cohosh ɗin, in ba ki fara ba, ki bar ta a rufe. In kin riga kin fara, ki tsaya, ki nemi a yi miki gwajin hanta, musamman in kin ga fitsari ya yi duhu, ko idonki ya yi rawaya irin na shawara, ko gajiya da ƙaiƙayi sun dame ki. Kafin ranar ganin likita ki samu 'yar takarda ki riƙa yin zane ɗaya duk lokacin da zafin ya taso, na rana daban na dare daban, har kwana bakwai. Ki je da takardar, ki je da kwalbar, da duk wani abin da kike jiƙawa ko haɗiya, ki zube masa su a kan tebur. Allah ya ba ki lafiya.